Zallij: Daga Bangon Makarantun Fas Zuwa Bayan Murhu

Mai zuwa ziyarar Shehu Ahmad Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko ba ya isa zawiyar da mota. A ƙofar gari ake sauka, sauran tafiyar ta ƙafa ce, cikin lungunan da idan alfadari ya taho da kaya sai kowa ya manne da bango. Bangon kuwa shi ke fara gaya wa baƙo cewa ya iso. A bakin zawiyar da cikinta taurari ne kore da fari da shuɗi da baƙi, sun sarƙe da juna har ido ya kasa gano inda zanen ya fara. Da yawa daga mutanenmu da suka je sukan dawo da hotonsa a waya, suna zaton tayil ne irin na kanti da aka buga wa zane. Ba haka ba ne. Kowane ɗigon launi a jikin bangon nan guntun gasasshen yumɓu ne mai zaman kansa, wani ma bai kai farce ba, kuma mutum ne ya zauna a ƙasa ya sare shi da hannu. Sunan aikin zallij.

A 'yan shekarun nan sunan ya fita daga masallatai da fadoji ya shiga kicin. A Landan da New York da Dubai, masu tsara gidaje suna yayin sa zallij a ɗan bangon nan da ke tsakanin murhu da kabad ɗin sama, inda mai da miya suke fantsama. Sai dai wanda ya san na Fas in ya ga wannan murmushi zai yi. Abin da ake liƙawa a kicin yawanci murabba'i ne mai launi guda, santimita 10 kowane gefe, ba tauraro ba sarƙa. A wurin masu sana'ar Fas ai wannan kayan aiki ne, abin da ake jibge wa mai sara da safe. Duniya ta sayi zallij a daidai inda sana'ar take shirin farawa.

Jera ƙananan duwatsu masu launi a daɓe tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. A Walili, wani kufai na garin Rumawa kusa da Miknas, har yau ana ganin daɓen gidajen attajirai da hotunan namun daji da kifaye da gumakan mutanen wancan zamani. A garin ne Idris bn Abdullahi, sharifi daga zuriyar Sayyidina Hasan, ya sauka a shekarar 788 bayan ya kuɓuce wa Abbasiyawa, kuma shi ya aza harsashin Fas shekara guda bayan haka. To amma ko da akwai dangantaka tsakanin aikin Rumawa da zallij, ta nesa ce. Duwatsun Rumawa duk kusan kamarsu ɗaya, sai an tara dubbai sannan hoton zaki ya fito. A zallij kowane guntu da tasa siffar, kuma babu inda zai zauna sai gurbin da lissafi ya tanadar masa.

Fasahar shafa wa yumɓu ruwan gilashi ya fito yana ƙyalli daga gabas ta taho. A babban masallacin Ƙairawan na Tunisiya akwai tayil 139 masu sheƙin zinariya kewaye da mihrabi, waɗanda tarihi ya danganta da Iraƙi, tun wajen shekarar 862. A Ƙal'ar Banu Hammad ta Aljeriya masu tonon kufai sun sami guntaye na ƙarni na 11, masu siffar tauraro da gicciye, da ke shiga cikin juna. A Maroko kuwa mafi tsufan abin da ya rage sai an ɗaga kai ake ganinsa: hasumiyar Kutubiyya da ta masallacin Ƙasba a Marrakesh, aikin daular Muwahhidun a ƙarshen ƙarni na 12. Can kusa da ƙololuwa aka ja wata ɗamara ta kore da fari, guntaye manya-manya, an kafe su da ƙusa a jikin katakon da aka binne a bango. Don mai hange daga nesa aka yi ta.

Waɗanda suka sauko da aikin inda hannu zai taɓa su ne Banu Marin. Makiyaya ne, Barbar na ƙabilar Zanata, da suka ƙwace Fas a 1248, suka kuma gina sabon gari dab da tsohon a 1276. Damuwarsu ita ce ba su da abin da za su nuna wa mutanen gari ban da takobi. Ba sharifai ba ne kamar zuriyar Idris, ba su kuma zo da wata da'awar gyaran addini kamar Muwahhidun ba. Mutanen Fas kuwa, masu taƙama da masallacin Ƙarawiyyin tun 859, ba sa ganin kowa da gashi. Sai sarakunan suka yi dabarar jawo malaman Malikiyya a jika: suka riƙa gina wa ɗalibai makarantun kwana, da gurasa kullum, da waƙafin kantuna da gidaje da zai riƙe su. Madarasar Saffarin ce ta fara a 1271. Sai ta Sahrij daga 1321 zuwa 1323, ta Aɗɗarin daga 1323 zuwa 1325, sannan Bu Inaniyya daga 1350 zuwa 1355. Wani kaso na arzikin da ya ɗauki wannan hidima zinariyar ƙasashen baƙar fata ce da ke haurawa ta garin Sijilmasa. Zamanin ne sarkinsu Abul Hasan yake musayar jakadu da kyautai da Mansa Musa na Mali, kuma ɗansa Abu Inan ne ya sa aka rubuta tafiye-tafiyen Ibn Baɗɗuɗa, wanda bai daɗe da dawowa daga Takadda ba, inda ya ji ana kai tagulla Gobir da Barno.

Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, a Fas ya tashi, kuma littafinsa da aka buga a Venis a 1550 ne ya kai wa Turai labarin Kano da Katsina da Zazzau. Shi ya ruwaito cewa da aka gama Bu Inaniyya an kawo wa Abu Inan littafin lissafin abin da aka kashe, ya duba kaɗan, ya yayyage shi ya watsa a ruwan da ke ratsa cikin makarantar. Ko an yi haka ko ba a yi ba, labarin ya yi kama da mutumin. Mahaifinsa ya ture ya hau gado, a 1358 kuma wazirinsa ya shaƙe shi.

A ganina ba Bu Inaniyya ce ta fi ba, duk da girmanta da hasumiyarta. Ta Aɗɗarin, wadda ke bakin kasuwar masu turare da kayan yaji, taku kaɗan daga Ƙarawiyyin, ita ce wurin da ya kamata mutum ya tsaya ya karanci bango. Tsakar gidanta ƙarama ce, komai yana kusa da ido. Daɓe da gindin bango da jikin ginshiƙai zallij ne. Bisansa akwai layin rubutu, baƙin tayil da aka kankare gilashinsa aka bar haruffa kaɗai suna sheƙi a kan launin yumɓu. Daga nan sai farin jibs da aka sassaƙe, sai katakon al'ul daga duwatsun Atlas, sai koren rufi. Wannan jeri ba don kyau kawai aka yi shi ba. Fas gari ne mai ruwa da sanyin hunturu. Danshi na hawowa daga ƙasa, ɗalibai na jingina, ana alwala ruwa na fantsama. Jibs ba ya jure haka, katako ma ba ya jurewa. Abin da ke ɗaukar ruwa da gugar kafaɗa, a kuma goge shi da tsumma ya dawo sabo, shi aka ajiye a ƙasa. Tun ranar farko kare bango ne aikinsa, adon a kan wannan buƙata ya hau.

An fi ganin haka a wuraren ɗiban ruwa. Tun zamanin Sarki Yusuf bn Tashfin, wanda ya haɗe garuruwan Fas biyu na farko wuri guda wajen 1070, aka rarraba kogin garin cikin magudanai yana bi ta ƙarƙashin unguwanni. Shi ya sa unguwa bayan unguwa za ka tarar da siƙaya, famfon jama'a a jikin bango da ɗan kwarin tara ruwa a gabansa, bayan bututun kuma zallij har sama. Ta dandalin Najjarin, wurin kafintoci, ita ta fi suna. Mai neman kakan abin da ake yi a kicin yau, a nan zai same shi.

Yadda ake yinsa bai canza sosai ba. Daga ramukan da ke kewayen Fas ake haƙo yumɓun, toka-toka ne mai laushi, kuma sirrinsa shi ne bayan an gasa shi yana saruwa ba tare da ya tarwatse ba. A farfasa shi, a jiƙa a rami, a shiga a cuɗa da ƙafa. A cusa a katakon awo, a shanya, a buge shi ya lafe, a yanke gefuna, a sake shanyawa, sannan tanderu. Tanderun mai hawa biyu ne, wuta a ƙasa kaya a sama, abin da ake zuba masa kuwa tunkuzar zaitun ce, abin da ya rage bayan an matse mai. Bayan gashin farko sai a tsoma fuska guda a ruwan launi a mayar wuta. Dalma da yashi su ne tushen ruwan tun asali. Kuza ke ba da fari, tagulla kore, kobal shuɗi, manganis baƙi. Wutar tanderun ba daidai take ba, wani sashe ya fi wani zafi, saboda haka kowane launi da wurin da ake jera shi, kuma duk da haka ba a samun biyu da suka fito iri ɗaya sak. Wannan ya yi duhu, wancan ya ɗan lanƙwashe, wani da ɗigon toka a fuska. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani zai ce me ya hana a zana tauraron a kan tayil guda a huta? Wuta ce ta hana. Ruwan gilashin da ke da dalma narkewa yake yi ya malala, in ka sa kore kusa da fari a fuska ɗaya a cakuɗe za su fito. Hanyar samun layi mai kaifi tsakanin launi biyu ita ce a gasa kowanne shi kaɗai, sannan a yanka a haɗa. Duk wahalar da ta biyo baya daga nan ta samo asali.

Yankan aikin mutum uku ne a jere. Na farko, rassham, yana ɗora samfurin guntun a kan tayil yana bin gefensa da tsinke da ya tsoma a tawada, yana matse siffofin kusa da juna don kada a yi asara. Na biyu, naƙƙash, yana zaune a ƙasa gaban wani ɗan dandamali da aka kafa wa ƙarfe a baki. Hannunsa na hagu na riƙe da tayil a kan ƙarfen yana jujjuya shi, na dama na riƙe da minƙash, guduma mai nauyi mai baki biyu masu kaifi irin na gizago. Gwiwar hannun tana tokare da ƙafarsa, ba ta motsi, nauyin ƙarfen ne ke sauka da kansa. Ƙas, ƙas, ƙas, a juya, ƙas, ƙas, guntu ya faɗa kan tsibin 'yan'uwansa. In ka shiga rumfar da mutum goma ke yi a lokaci guda sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Na uku, khallas, shi ke gyara gefe, yana fere bayan guntun ya tsuke ta ciki, yadda in an jera fuskokin za su haɗu ƙam ba rata, a baya kuma a sami gurbin da kwaɓi zai shiga ya riƙe. Kowace siffa furma ake ce mata, kuma kowace da sunanta: khatim, tauraro mai tsini 8, da lauza, da ƙandil, har sun haura 300. Yaro mai koyo yakan daɗe yana kwasar ɓaraguzai da tsince guntaye kafin a bar shi ya taɓa minƙash.

Jerawar ce ta fi ba ni mamaki, domin a kife ake yinta. Mai jerawa yana tsugune a kan daɓe mai santsi, yana aza guntaye fuska a ƙasa, daga tsakiyar tauraro yana buɗewa waje. Abin da idonsa ke gani bayan yumɓu ne kawai, duk launi ɗaya. Kore da shuɗin suna cikin kansa. In ya sa baƙar lauza inda fara ta kamata, ba wanda zai sani sai an zuba kwaɓi a baya, ya bushe, an tayar da allon tsaye. Taurarin suna farawa daga mai tsini 8, su hau 12, 16, 24, har 48 da abin da ya fi, dukansu da kamfas da rula ake fitar da su, kuma mu'allim, shugaban aikin, a ka yake riƙe da su. A Tiɗwan can arewa hanyarsu dabam ce: tun yumɓu na ɗanye suke yanka siffar sannan su gasa. Nasu ya fi ƙarfi, amma haɗin bai kai na Fas matsewa ba.

A ƙarni na 14, zamanin Banu Marin ɗin nan, a tsallaken teku, sarakunan Banu Nasr na Garnaɗa suna lulluɓe gindin bangon fadar Alhamra da irin wannan aiki, musamman zamanin Yusuf na Ɗaya da ɗansa Muhammad na Biyar. Har sarkin Kirista na Kastil, Pedro, ya ɗauko magina Musulmi suka yi masa a fadarsa ta Ishbiliya a shekarun 1360. Amma a Sifaniyar ne aka fara neman gajeriyar hanya. Masu tanderun Ishbiliya suka koma jan layi da maiƙo haɗe da manganis tsakanin launuka don ya tare su. Daga baya suka riƙa danna zanen a ɗanyen yumɓu da wani hatimi, ya bar 'yan kunyoyin da ke riƙe kowane launi a gurbinsa. Tayil guda, zane cikakke, ba sara ba jerawa. Irinsu Sarkin Fotugal Manuel na Ɗaya ya sa aka kai fadarsa ta Sintra a farkon ƙarni na 16. Sai ga wani Ba'italiye, Niculoso Pisano, ya zauna a Ishbiliya wajen 1500 yana zana hoto da buroshi a kan farin tayil kai tsaye. Daga nan sara ya ja baya a Sifaniya har ya kusa ɓacewa. An ce araha ba ta ado, amma a nan arahar ce ta ci kasuwa, ta bi jiragen ruwa har Meziko da Barazil. Fas dai ba ta ajiye minƙash ba.

Akwai babin da ya taɓa yankinmu, ba kuma ta hanya mai daɗi ba. Ahmad al-Mansur na daular Sa'adiyawa ya fara gina fadar Badi' a Marrakesh a 1578, 'yan watanni bayan an karya rundunar Fotugal a Wadil Makhazin. Ana cikin ginin ne ya tura Judar Basha da 'yan bindiga suka ƙetare Sahara, suka karya Songhai a Tondibi a 1591. Zinariya da bayi suka kwarara arewa, aka kuma kwashe malaman Tumbutu a ɗaure, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda aka kai Marrakesh a 1594. Dutsen mabul daga Italiya aka yo shi, zallij kuwa fili guda. Fadar ba ta yi ƙarko ba. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Sarki Maulaya Isma'il ya sa aka ɓamɓare duk abin da ke ɓamɓaruwa a jikinta aka kai Miknas, sabon babban birninsa. Yau jan bango ne tsirara da sheƙar shamuwa a kansa, sai ɗan abin da ya rage a daɓe. Mai son ganin hannun Sa'adiyawa sai ya je maƙabartarsu, wadda ta zauna a toshe har 1917, toshewar ce kuma ta cece ta.

To ina kicin a duk wannan? Babu shi. A tsohon gidan attajirin Fas zallij na tsakar gida ne da ɗakunan baƙi da wurin ruwa, inda ido zai gani a san mai gida ya isa. Madafa can take a lungu, ɗaki mai duhu da hayaƙin gawayi, wurin kuyangi da barori. Gurasa ma a kan katako yaro ke ɗaukarta zuwa tanderun unguwa. Ba wanda zai zuba aikin watanni a bangon da baƙo ba zai gani ba.

Ta arewacin Turai tayil ya shiga ɗakin girki. Maginan tukwane 'yan Italiya sun zauna a Antwerp a farkon ƙarni na 16, sana'ar ta ƙaura zuwa garuruwan Holan bayan da sojojin Sifaniya suka ci garin a 1585, a can kuma aka riƙa yin ƙananan tayil fari da shuɗi ana liƙawa a murhu da gindin bango don maganin toka da danshi. A zanen Vermeer, mai zanen Holan, na wata baranya tana tsiyaya madara, wanda ya yi wajen 1660, ana ganin layinsu a ƙasan bango bayanta. A ƙarshen ƙarni na 19, da likitoci suka tabbatar ƙwayoyin cuta ke kawo annoba, sai farin tayil mai santsi ya zama alamar tsabta: a asibiti, a mahauta, a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York da aka buɗe a 1904. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na Frankfurt ƙaramin kicin da komai ke manne da bango, kabad a sama teburin aiki a ƙasa, aka yi kusan 10,000 irinsa, duniya ta kwaikwaya. Tsakanin kabad da tebur sai ga ɗan fili ya rage a daidai inda ruwa da mai ke sauka. Abin da aka nema wa wurin tun farko tayil ɗin inji ne, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ba rami ba tudu, inda datti ba zai sami maɓoya ba.

A Maroko sana'ar ta shiga ƙarni na 20 da sauran ƙarfinta, don fadar Bahiya ta waziri Ba Ahmad ma wajen 1900 aka gama ta. Faransawa da suka karɓi ƙasar a 1912, ƙarƙashin Janar Lyautey, sun gina wa kansu sababbin unguwanni a waje, suka bar tsofaffin garuruwa yadda suke, suka kuma kafa ofishin kula da sana'o'in gargajiya. Ƙofar Bu Julud da kowane baƙo ke ɗaukar hoto a gabanta yana zaton ta ga zamanin Banu Marin, a 1913 aka gina ta, shuɗi ta waje kore ta ciki. Daga Maroko aka ɗebi masu aikin da suka yi zallij ɗin Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan 'yancin kai Sarki Hasan na Biyu ne ya zama babban mai saye: hubbaren mahaifinsa a Rabat da aka kammala a 1971, da fadojin sarauta, sannan masallacin Kasabalanka da aka yi daga 1986 zuwa 1993, wanda ya ci dubban masu aikin hannu. Sarauta ce ta haifi sana'ar, ita ce kuma ta riƙe ta har wannan lokaci.

Sai kuma wani sabon mai saye ya bayyana. Daga shekarun 1960 Turawa da Amurkawa masu kuɗi suka fara sayen gidaje a Marrakesh. Bill Willis, wani Ba'amurke mai tsara gidaje da ya yi wa mai tsara tufafi Yves Saint Laurent aiki, ya riƙa sa zallij a murhun ɗumama ɗaki da wuraren da ba a saba ba. Daga shekarun 1990 tsofaffin gidajen cikin gari suka riƙa komawa masaukin baƙi. Baƙin suka kwana, suka yi wanka a bandakin da aka lulluɓe da kore, suka ɗauki hoto suka koma gida. Da Instagram da Pinterest suka zo sai abin ya yaɗu a tsakanin mutanen da suka gaji da kallon farin tayil ɗin inji.

Abin da ya ja su shi ne ainihin abin da tanderu ya kasa daidaitawa. Duhun wannan, lanƙwasar wancan, ɗigon tokan nan. A da rassham kauce wa tabo yake yi in yana zana siffa, gefen da ya karkace kuma cikin ɓaraguzai yake ƙarewa. Yau tabon ake biyan kuɗinsa, masu sayarwa har gargaɗi suke yi cewa 'yar tsaga ko ɓantarar gefe ba aibi ba ce, kuma farashin ya ninka na tayil ɗin inji sau da dama. Gaskiya abin yana da kyau. Tun da babu biyu da suka kwanta daidai, kowanne na kama haske ta nasa ɓangaren, bangon ya riƙa sauya fuska daga safe zuwa yamma. Ya kuma sa tanderun Fas ba ya hucewa. Amma a duba wa cinikin ya amfana. Mai cuɗa yumɓu da mai wuta suna da aiki. Naƙƙash yana da ɗan abin yi, don da hannu ake gyara gefen murabba'in, sai dai layi huɗu ne miƙaƙƙu, abin da ɗan koyo zai iya. Mutumin da ke riƙe da tauraro mai tsini 48 a kansa ba shi da rabo a kwantenar da ta nufi New York. Hayaƙin tunkuzar zaitun ma ya sa hukuma ta fitar da masu tanderu daga unguwar Ainun Nuƙbi zuwa Bin Jalliƙ a bayan gari, ana kuma kwaɗaita musu na gas. Na gas ya fi tsabta, amma wutarsa daidai take, daidaituwar kuwa ita ce mai sayen ya guda.

Suna ya jawo gardamar mallaka. A watan Satumba na 2022 ma'aikatar al'adu ta Maroko ta aika wa kamfanin Adidas takardar gargaɗi ta hannun lauya, saboda wata riga mai zanen zallij da ya yi wa 'yan ƙwallon Aljeriya. Kamfanin ya ce daga fadar Mashwar ta Tilimsan ya ɗauko zanen, daga bisani ya nuna rashin jin daɗinsa da ce-ce-ku-cen, aka sasanta. Tilimsan, garin su Shehu Magili wanda ya zauna Kano zamanin Rumfa, tana da nata tsohon zallij tun sarakunan Banu Zayyan. Abul Hasan ɗin nan na Fas ma ya ci garin a 1337, ya gina masallacin Sidi Bu Madyan a 1339 da zallij a ƙofarsa. Lauyoyi za su sha wuya kafin su raba wannan gado, domin masu aikin da suka bar shi ba su san iyakar da ke tsakanin ƙasashen biyu yau ba.

Wanda ya sa na gasken a kicinsa yakan gane wasu abubuwa da hoto bai nuna masa ba. Kaurin ba ɗaya ba ne, mai liƙawa sai ya jiƙa su a ruwa, ya zube kwalaye da yawa ya gauraya don kada duhu ya taru wuri guda, ya matse su ba rata, sannan ya cike 'yan kafofin da ruwan siminti. Gefen da aka sara ba shi da gilashi, kuma yumɓu shan mai yake yi. A gidan da ake suya da manja da tattasai, farin zallij a bayan murhu sai mai tsumma a hannu, don duk 'yar tsagar da ke fuskarsa za ta ɗauki launi. Su kansu mutanen Fas a bayan ruwa suka san shi, ba a bayan kaskon suya ba.

A Castellón na Sifaniya da Sassuolo na Italiya, manyan cibiyoyin tayil na Turai, masana'antu sun ga inda kasuwa ta nufa. Karo na biyu ke nan da Sifaniya ta samo hanyar yin abin ba tare da mai sara ba. Tun farkon shekarun 2000 suna da injin da ke fesa zane a fuskar tayil bisa umarnin kwamfuta, yanzu kuma suna fitar da murabba'i mai santimita 10, fuska da tudu da kwari, gefe a ɗan karkace, launi na hawa da sauka, ga araha, ga shi ba ya shan mai. Irinsa ne mai gini a Kano ko Abuja zai fi saurin cin karo da shi in ya shiga kanti. Tun da inji ba ya iya ƙirƙiro sabon tabo kowane lokaci, fuskoki ƙididdigaggu ake tsara masa yana maimaitawa, a kuma shawarci mai liƙawa ya riƙa jujjuya su yana gauraya kwalaye, kada biyu masu tabo iri ɗaya su zauna kusa da juna.